Ai Muna Da Kogi A Gida

Marka ta kama mu bana tun makon jiya, ruwa yif-yif ba ya ɗaukewa, wankina ya ƙi bushewa har ya fara wari. Ana cikin haka sai ga jikana Nafi'u ya shigo da waya a hannu, baki har kunne. Wai su ne suka je yawon buɗe ido shi da abokan karatunsa. Sun hau jirgi mai inji a Tiga, sun kwana a tanti a gindin dutse can wajen Doguwa, sun soya ƙwai, sun ɗauki hotuna kowa sanye da rigar nan mai ruwan lemo da ke hana nutsewa. Na kalla, na ce Allah ya yi albarka. Da a nan ya tsaya da shi ke nan. Sai ya ƙara da cewa ai gadon gida ya yi, don Baba Audu ya ba su labarin yadda shi ma a shekarar yunwa ya tsallaka ruwan nan, ya hau duwatsun nan, ya ceci gida.

Ya ceci gida. Ku ji fa. Ina raye, da hankalina, ana ba jikokina labarin nan a juye. Mutumin yanzu ya tsufa, gemu fari fat, yana kan buzu a ƙofar gida kowa na durƙusa masa. Ni ma ina gaishe shi, don wan mijina ne, kuma ba a haife ni a gidan rashin kunya ba. Amma tafiyar nan mu uku muka yi ta. Ɗaya tana ƙasa, ɗaya ya zaɓi abin da zai tuna, saura ni.

Daminar da ta biyo bayan babban farin nan ce, zamanin soja. Shekarar da ta gabata dawa ta bushe a tsaye, abin da muka girbe bai kai mu ƙarshen bazara ba. Maigidana ya tafi cin rani Kudu, har aka yi shuka bai dawo ba, don ba shi da abin da zai dawo da shi. Ya bar ni da 'yata Bilki, ba ta daɗe da yaye ba, a gidansu na gado. Gidan kuwa yana hannun wansa, Yaya Audu, da matarsa Hansai, faccalata, mai 'ya'ya huɗu da tsohon ciki. Sai Inna, mahaifiyarsu, wata 'yar siririyar tsohuwa da ba ta iya zama hannu rabbana.

Abin haushi, damina ta yi kyau a shekarar. Ko'ina kore shar, gero ya kai ƙirji, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, ciki kuwa wayam. Yunwar damina ta fi ta rani cin rai, don kana ganin abinci yana tahowa amma bai iso ba. Mun fara da rage tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Daga nan tuwo ya koma kunu, kunu ya koma ruwa-ruwa. Muka ci dusa. Muka ci tafasa da rama da yaɗiya, kwaɗo ba ƙuli-ƙuli, gishiri ma sai a lasa. Awaki suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, kaji suka bi su, har gidan ya yi shiru, asuba ba mai cara. Za ku ce ai a bakin ruwa muke, ina kifi? Mu ba masunta ba ne, manoma ne, kuma masuncin da ya kamo kifi shi ma hatsi yake nema a madadinsa. Bilki ta daina wasa. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka fara kumbura, in na latsa da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

Dole in yi muku bayanin ruwan nan, in ba haka ba ba za ku gane ba. Mutanen garinmu asalinsu a bakin kogi suke, kogi na gaske mai tafiya. Da aka yi dam ruwa ya cinye tsohon gari, aka tashe su suka hau tudu. Ni da aka kawo ni gidan, ruwan ya daɗe da zama tafkeken abu shimfiɗe, ba ya zuwa ko'ina. Amma baki bai canja ba. Mace ta ɗauki tulu ta ce za ta kogi. Yaro ya ɓace a ce a duba kogi. Ba wanda ke cewa dam sai baƙo da ma'aikatan ruwa. Ni ma da na zo haka na tarar, haka na kama.

Inna ce ta kawo maganar rogon biri. Ta ce tana yarinya an yi wata yunwa, shi ya riƙe su. Wani abu ne mai saiwa kamar doya, yana fitowa a gindin duwatsu a cikin daji, amma dafi ne da shi, ɗanye ko dafaffe in ka ci haka kawai sai kabari. Sai an fere, an yayyanka siriri, an tafasa da toka, an zuba a kwando an danne da dutse a cikin kogi, ruwa ya yi ta bi ta kansa yana tafiya da dafin, har kumfa ta daina fita. In an tsame ma sai an fara jefa wa kaza an ga yadda ta wuni. Ta ce a can kudu, inda ruwan dam ya ƙare daji ya fara, akwai shi. Yaya Audu da farko ya ce shi ba zai ci abincin biri ba. Da ƙaramin ɗansa ya kwana biyu ba ya iya tashi tsaye, ya je ya yi magana da Tanko mai kwalekwale.

Aka bar Hansai da yara, da ɗan guntun garin da maƙwabta suka taimaka da shi. Ni amarya ce ta gidan da ko kasuwa ba na zuwa, amma yunwa ta cire wannan. Na ɗaure zani, na ɗauki dagi da kwanduna da tsohuwar tukunya, na bi bayan Inna. Bilki ba ta yi kuka ba da zan tafi, ba ta da ƙarfinsa, kallona kawai ta yi.

Ban taɓa shiga kwalekwale ba sai ranar. Wani tsohon abu ne da aka yi wa faci da gwangwani da kwalta, yana yoyo ta ƙasa. Tanko ya miƙo min ƙoƙo ya ce aikina ke nan, in yi ta kwashewa, kada in tsaya, kada kuma in miƙe ko da maciji na gani. Ya kafa gora ya tura mu, da muka yi nisa ya koma filafili. Ƙasa ta yi ta janyewa har bishiyoyin garinmu suka zama kamar ciyawa. Ruwan ja ne saboda damina, iska na tura shi yana marin gefen jirgin, fallatsi na shiga min baki. Na karanta duk abin da na sani, na sake daga farko. 

A tsakiya muka ratsa ta cikin busassun itatuwa da suka leƙo daga ruwa, baƙaƙe, tsuntsaye a kansu. Inna ta ce wa Tanko ya sassauta. Ta nuna wani reshe ta ce tsamiyar ƙofar gidan ubanta ce. Ta yi sallama ga mutanen da ke kwance a ƙasa, ta yi musu addu'a, ta shafa. Yaya Audu ya ce a yi sauri hadari na haɗowa. Haka yake, ko da yaushe akwai abin da ke haɗowa.

Hadarin kuwa ya same mu kafin mu kai gaci. Ruwan sama, ruwan ƙasa, ƙoƙo ɗaya. Hannuna ya sage, Inna ta cire ɗankwalinta tana tsomawa tana matsewa waje. Wan mijina kuwa, jarumin da ake ba yara labari, ya rungume buhunanmu ya dunƙule kai, sai salati. Ban ga laifinsa a nan ba, kowa na tsoron ruwa. Amma in za a faɗa, a faɗa duka. Da Tanko ya sauke mu a inda kogin gaske ke shigowa dam, ya ce zai dawo ɗaukarmu ranar Juma'a ta sama da hantsi. In bai same mu ba, ba zai jira ba, shi ma yana da bakunan da yake ciyarwa.

Daga nan ƙafa ce. Ciyawa ta fi mu tsawo, jiƙe sharkaf, tana yankan hannu. Ƙudan tsando na cizo ta cikin zani. Muka yi ta hawa, duwatsu masu santsi, Inna a gaba da sandarta, tsohuwar da rabonta da ƙoshi tun kafin azumi. A hanya muka haɗu da wata Bafillatana ta fito daga ruga, ta dube mu ta ga yadda muke, ba ta tambayi komai ba ta sauke ƙwarya ta ba mu nono muka sha. Ita ta kwatanta mana wata ƙorama da ke saukowa tsakanin duwatsu biyu, ta ce ba ta ƙafewa sai kaka. Ban san sunanta ba, har yau tana cikin addu'ata.

Mun yi masauki a ƙarƙashin wani falalen dutse da ya turo kai kamar rumfa. Muka share kashin birai, muka yanko ganye muka shimfiɗa, muka tare gefen da iska ke shigowa da rassa. Itace duk ɗanye ne, wuta sai hayaƙi, idanunmu kullum jajur. Ƙasa sanyi, zani ɗaya, shi ne na yini shi ne na rufa, kuma bai taɓa bushewa ba. Da safe birai kan zauna a saman dutse suna kallonmu, wani babba cikinsu har haushi yake mana kamar kare. Da gaskiyarsa, abincinsa muka zo ɗiba.

Inna ta nuna min yaɗonsa, mai ganye uku-uku da 'yan ƙayoyi, yana nannaɗe bishiya. Ka bi shi zuwa gindi, ka kafa dagi tsakanin duwatsu, ka yi ta haƙa a durƙushe. Yana fitowa curi-curi, cikinsa ɗorawa-ɗorawa, ƙamshinsa kamar doya, mai yunwa sai ya kai zuciya nesa. Ruwansa na sa hannu ƙaiƙayi har fata ta saɓule. Yaya Audu na haƙa, kuma ya haƙa da gaske, ba zan hana shi wannan ba. Ni da Inna muna ferewa, muna yankawa, muna tafasawa da tokar murhunmu. Sai mu kai kwanduna ƙorama, mu zaɓi inda ruwa ya fi gudu, mu danne da duwatsu. Kumfa fara takan fito ta bi ruwa ta wuce. Kullum da safe Inna kan je ta tsuguna ta duba, ta ɗauki yanki ɗaya ta taɓa a harshe ta tofar, ta ce da saura. Mu kuwa abin da muke ci ganye ne da 'ya'yan itace da ɗan garin da muka ƙulle a bakin zani.

Matsalar ita ce mun ɓata kwanaki wajen nema kafin mu same shi da yawa, don haka kwandunan ba su daɗe a ruwa ba Juma'a ta matso. Ranar Alhamis Inna ta taɓa a harshe ta ce da saura, kuma ba kaɗan ba. Ta ce ko dai mu bar Tanko ya koma mu nemi wata hanya daga baya, ko shi Audu ya sauka ya roƙe shi ya ƙara mana kwanaki. Yaya Audu ya ce ciyawa na cin geronsa, garin da aka bar wa yara ya ƙare tun tuni, kuma in jirgi ya tafi wa zai kai mu? Duk gaskiya ne. Ni kaina zuciyata na kan Bilki, in na rufe ido ƙafafunta nake gani. Da a nan ya tsaya, da mun zauna mun yi shawara kamar mutane. Amma sai ya ce:

"Inna, ba kogi kika ce ba? Ai muna da kogi a gida. Mu kwashe mu je mu ƙarasa jiƙawa a can, a ƙofar gida, ruwan ma ya fi wannan yawa sau dubu."

Inna ta dube shi ta ce, "Audu, wancan sunan ne kawai ya rage masa. Ya daina tafiya tun kana saurayi."

Ya ce yaya za a ce ba ya tafiya, ruwan da ya kusa kifar da mu? Bai ga igiyar ruwa da idonsa ba? Na kasa haƙuri na sa baki, na ce Yaya, iska ce ke kaɗa shi, ya je ya dawo, ba wucewa yake ba. Ko kallona bai yi ba. Ya ce wa Inna tun yaushe matar ƙani ke tsoma baki in manya na magana. Na koma kan aikina, amma har yau ban manta ba. Inna ta ce ba a tsamewa. Ya durƙusa ya ce to, Inna. Shi dama gwanin "to" ne.

Da asuba muka tafi ɗebo itace ni da ita. Kafin mu dawo ya tsame kwanduna duka, ya juye a buhuna, ya ɗaure, ya ɗora ɗaya a ka ya kama hanyar gangara. Abin da muka tarar ke nan, duwatsun danni a zube da sauran buhuna na ɗiga. Inna ta duba buhunan. Sannan ta ce in ɗauka mu tafi, ba ma bar shi ya kai wa yara shi kaɗai ba. A bakin ruwa ma ta sake roƙonsa, ga kogi na shigowa da gudu a gabanmu, ta ce a bar ta ita kaɗai a nan da buhunan, a dawo ɗaukarta. Ya ce me mutane za su ce, ya bar uwarsa a daji? Abin da mutane za su ce, shi ne ya dame shi.

Da muka isa gida Bilki na nan da rai, amma ko hannu ba ta ɗago min ba. Yaran Hansai suka kewaye buhunan suna shinshina. Aka kai su bakin ruwa aka danne da duwatsu a cikin laka. Ƙoramun wajenmu sai an yi ruwa suke gudu na rabin yini su tsaya, babbar magudanar bayan dam kuwa da nisa, kuma jama'a na sha, ba mai barin ka jefa dafi a ciki. Kullum ni da Inna mukan je mu jijjiga buhunan, mu matsar da su wani wuri. Kumfar takan fito ta tsaya a kewaye da su, ta yi zobe, ba inda take zuwa. Bayan kwanaki ta ragu. Inna ta taɓa a harshe, ta daɗe tana juyawa, ta ce warin laka ya rufe komai, ba za ta iya rantsuwa ba. Yaya Audu ya ce ya fi kwanakin da ta faɗa, yara na mutuwa a tsaye, a tsame. A wannan karon har Hansai na bayansa, kuma ban ga laifinta ba.

Muka shanya a ɗan tsakanin ruwa da ruwa, muka daka, na tuƙa tuwo da hantsi. Ya yi kyau, wallahi, ya yi danƙo, tururinsa ya cika gida. Yara suka zauna a bakin murhu da kwanoninsu, ba mai ƙiftawa. Kaza kuwa babu, ba a gidanmu ba, ba a maƙwabta ba.

A gidanmu malmalar farko ta maigida ce, wato Yaya Audu, haka aka saba. Na zuba a akushinsa, na kai masa zaure na durƙusa. Ya buɗe. Ya duba, ya kai hanci, ya mayar da murfi ya turo min.

"A fara ba yara, su suka fi jigata. Ni zan leƙa gona."

Mutumin da ya ce ruwa ruwa ne. Mutumin da ya rantse ya yi. Da aka zo sa hannu, sai ya tuna da tausayin yara. Na ɗago na dube shi, abin da ban taɓa yi ba, ya kau da kai ya saɓi fartanya ya fice. Na dawo tsakar gida da akushi a hannu.

Inna ta ji komai, zauren ba nisa. Ta ce, "Hajara, kawo nan."

Na ce Inna bari ni in ci, ni ce mai ƙarfi. Ta ce in na faɗi wa zai riƙe Bilki? Ta yi bisimilla ta ci, a hankali, ba ɗanɗanawa ba, ta ci sosai yadda yaro mai yunwa zai ci, don ta ce kaɗan ba ya nuna gaskiya. Ta sha ruwa. Sannan ta sa na kawo tukunyar gabanta, ta sa ta tsakanin ƙafafunta, ta rufe da faifai, ta ɗora hannuwa biyu a kai. Ta ce ba mai ci sai an kira azahar.

Ban taɓa ganin rana mai nauyin tafiya irin wannan ba. Yara suka yi kuka har muryarsu ta dushe. Bilki, wadda ta kwana biyu ba ta ce uffan ba, ta rarrafo ta kama zanin kakarta tana cewa Inna tuwo, Inna tuwo. Inna ta kau da fuska, hannunta bai motsa daga faifan ba. Ta yi ta ba su labarin tsohon gari don su manta, ba wanda ya saurara. Da rana ta kusa tsaka Hansai ta ce Inna ai ga shi lafiya lau, a ba su ko loma ɗai-ɗai. Ta ce a'a. Ni ma zuciyata ta fara cewa ƙila ya yi, ƙila mun tsira.

Sai ga Yaya Audu ya dawo. Ya ga uwarsa zaune daram, ya yi murmushi, ya ce ba ga shi ba, dama ya faɗa, mata ne da tsoro. Ya jingine fartanya ya wanke hannu, ya ce to a zubo masa nasa.

A lokacin na ji faifan na ƙara, kar-kar-kar, a bakin tukunya. Hannun Inna ne ke rawa. Leɓenta ya karkace, gumi ya keto mata, idonta ya yi wani iri. Yara ba su gane ba, suka ga kamar za a buɗe ne, suka matso da kwanoni. Sai ta kifa ƙirjinta a kan tukunyar ta rungume ta. Jikinta na fizga, amma ta ƙi saki. Da kyar maganar ta fito:

"Hajara, haƙa rami. Mai zurfi, kada su tono."

Da dagin da na haƙo shi na haƙa ramin, a bayan ɗaki, ina kuka ina haƙa. Sai da ta ga na dawo da ƙasa a gwiwa sannan ta bari aka zare tukunyar. Na juye tuwon, na juye sauran garin, na tattake, na mirgino turmi na ɗora a kai. Bilki na bayana tana jan zanina tana ihu, na binne mata abinci tana gani. Har gobe ba na son tuna muryar nan.

An ɗura wa Inna ruwan tsamiya, an nemo nono, an yi duk abin da aka sani. Aka ɗora ta a amalanke za a kai ta asibiti a Tiga, ruwa ya yanke hanya, taya ta kafe a laka. Ba ta kai la'asar ba.

A wurin makoki ina daga ciki ina jin muryarsa a zaure, yana amsa gaisuwa. Kwana ne ya ƙare, in ji shi, ga tsufa, ga wahalar tafiya, ya hana ta zuwa dajin nan ta ƙi ji. Ni Musulma ce, na san kwana ne ya ƙare, ba mai wuce ranarsa. Amma sanadi ma ai yana da suna, kuma yana zaune a zaure ana ce masa sannu da haƙuri.

Washegari maƙwabta suka yi abin da aka saba yi wa gidan mutuwa, duk da halin da kowa ke ciki. Wannan ta kankaro ƙasan rumbu, waccan ta kawo ɗan wake, wasu 'yan'uwan Inna suka zo daga Yako da ƙullin masara. Aka dama kunu mai kauri, aka tuƙa tuwo na gaske, irin wanda rabon gidan da shi tun bazara. Shi ya riƙe yaran har maigidana ya ji labari ya taho. Ni aka ba rabo. Na zaunar da su duka biyar, na zuba musu, na ƙara, na ba Hansai, na ba tsofaffin da suka zo daga nesa. Na zauna na ba Bilki a baki har ta yi barci da loma a hannu.

Sai aka leƙo daga zaure, wai maigida na tambaya ko an manta da akushinsa.

Ban manta ba. Na ɗauko shi na wanke tas, ciki da waje, na goge, na rufe da murfinsa haka wayam. Na ratsa tsakar gida na shiga zaure, cike da maza, na durƙusa a gabansa yadda ya kamata, na ajiye da hannu biyu. Ya jawo ya buɗe. Ban tashi ba, ina nan durƙushe ina kallonsa. Ya daɗe yana duban cikin akushin. Na kusa da shi ya ce Malam Audu bisimilla mana, ka daure ka ci wani abu.

Ya mayar da murfin a hankali, ya ce ya ƙoshi.